Rakiyar Ɗan Mutane Zuwa Masar

Matan unguwarmu Yindiski har yau 'yar Masar suke ce mini, kamar kasuwa na je ci. To bari in faɗa da bakina a rubuta. Ni ban zauna a aji ba, amma abin da idona ya gani babu malamin da zai gyara mini shi.

Sunana Dije. Kakanmu Bakano ne, goro ya kawo shi Fataskum ya zauna. Wanda na raka kuwa ɗan farina ne. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce nata ne. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Yaya. Ni kuma in zan yi zancensa sai in ce mutumin. Da ni ake yi wa amare misali a unguwa, a ce ku je ku koyi kunya wurin Dije. Ina taƙama da wannan a lokacin, yanzu ma ban fasa ba.

Mutumin makaniken tirela ne. Kunnensa ya fara tafiya tun yana saurayi, aka ce ƙarar inji ce. Daga baya fitsarinsa ya koma kalar shayi, yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Fuska ta kumbura da safe, ƙafa ta kumbura da yamma. Mai magani a Gadaka ya ce jifa ce, na Mamudo ya ba shi jiƙon da ya kusa aika shi lahira. A Maiduguri aka ce ƙodojinsa sun kama hanyar mutuwa, sai dai a dasa masa wata, kuma a Masar ake yi. Ubansa ya rasu, ƙannensa mata kowace da goyo. Na kaɗa shanuna kasuwa, na mai da su zinariya, na cusa ta a cikin curin daddawa. Jirgin sama zai cinye kuɗin magani, sai muka bi ƙasa. Zamanin soja ne, an yanka mana jihar Yobe da 'yan shekaru.

Cadi ce ta fara nuna mana haƙoranta.

Daga Injamena muka hau bayan wata babbar mota mai ɗauke da buhunan albasa. A cikin fasinja akwai Alhaji Bukar, Babarbare mai fataucin shanu, mutumin Fataskum ne, aminin marigayi mijina. Shi yake riƙe mutumin in za a sauka, shi yake ba shi ruwa. Ni ina gefe da ƙullin kayana, ina kallonsu ta wutsiyar ido.

Kafin Abeshe, rana tsaka, muka tarar an gitta itace a hanya. Mutane ne da bindigogi, wasu da kakin soja, wasu da rawani, har yau ban san na gwamnati ne ko na daji ba. Suka daka tsawa maza su diro su kwanta. Sauran maza duk suka diro. Mutumin ya ba su baya, ya jingina da buhu yana gyangyaɗi, bai ji ba. Suka sake tsawa. Bai juyo ba.

Ɗaya ya hau motar ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a kunne. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ya jawo shi ta ƙafa ya wurgo shi ƙasa. Suka taru a kansa da takalma, suna shurin cikin nan da ya cika da ruwa. Fatar ƙaurinsa ta tsage, ba jini ne ya fara fitowa ba, ruwa ne fari yake bin ƙura. Alhaji Bukar yana kwance yana ihu da Larabcin Shuwa cewa kurma ne, kurma ne, wani ya take masa wuya.

Ban san lokacin da na diro ba. Na kama bakin bindigar da hannu biyu. Babbansu ya ɗaga hannu suka dakata. Dogo ne, da tabon wuta a kumatu. Ya yi magana, wani fasinja ya juya mini da Hausa.

"Ya ce ɗanki ne? In ɗanki ne zai bar miki shi, don shi ma uwarsa tana raye."

Alhaji Bukar ya ɗago kai daga ƙasa yana kallona. Aminin mijina. Ga maza kwance reras, kowa ya kasa kunne. Bakina ya buɗe, abin da ya saba faɗa shekara da shekaru shi ya fito.

"Ɗan mutane ne. Rakiya na yi masa."

Dogon ya yi dariya. Ya ce to ina ruwan tsohuwa da ɗan mutane. Ya sa takalmi ya hankaɗe ni ta haƙarƙari, na ji abu ya ce ƙas a ciki. Na faɗi da baki a kan dutse, haƙorana na gaba biyu a can na bar su. Suka ci gaba da dukansa har sai da wani Bagobiri ya tashi da jakarsa zai gudu, suka juya kansa suka harbe shi a baya. Ya faɗi yana shure-shure, ba wanda ya isa ya je.

Suka zazzage kayan kowa. Wanda ya buɗe kwanona warin daddawa ya buge shi, ya tofar da yawu ya yi ƙwallo da shi. Da suka tafi na bi ƙura da rarrafe ina tsince curin ɗaya bayan ɗaya, jini yana ɗiga daga bakina a kansu.

Mutumin bai suma ba. Idonsa ɗaya a buɗe yake lokacin da nake ba da amsa, kuma ya daɗe da iya karanta leɓe.

Alhaji Bukar ya rabu da mu a Abeshe. Da zai tafi ya ce, "Dije, kunya ado ce, amma ba a sa ado a shiga rijiya." Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

A Jinena, garin farko na Sudan, direba ya sauke mu a bakin kasuwa don ya ce ba ya son gawa a motarsa. Ina zaune a ƙasa sai na ji an ce, "Baiwar Allah, daga wace ƙasa?" Wata tsohuwa ce mai sayar da ƙosai. Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce. Ta kai mu gidanta, ta ɗaure mini haƙarƙari da tsohon zani, 'ya'yanta suka wanke wa mutumin raunuka. Da na ɓare curi ɗaya na ba ta daddawa, ta kai hanci ta shaƙa. Ta ce uwarta ta mutu tana zancen wannan warin. Ranar muka yi miyar kuka. Na kai loma ɗaya sai na ga tsakar gidana, da turmina a kife, da awakina. Ban tambayi sunanta na yanka ba, Iya kawai nake ce mata. Allah ya sa ta gama lafiya.

A Hartum aka fara wanke masa jini da inji, kumburin ya ɗan sace, ya fara gane mutane. Daga nan jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa inda aka danne mu kamar tumakin Sallah, wani ɗan dako ya taka masa ƙaurin da ya tsage, na cije shi a hannu da sauran haƙorana. Haka muka isa Alƙahira.

Garin nan ba ya numfashi. Mota a kan mota, gida a kan gida. Muka sami ɗaki a unguwar baƙaƙen fata, muka sami Malam Goni, mutumin Nguru da ya zo karatun addini ya daɗe, shi ya zama bakinmu. Ranar farko a asibiti aka tambaye shi wace ce ni a wurin mara lafiya. Ya juyo mini da tambayar. Namiji ne, malami, ɗan ƙasarmu. Na ce ɗan mutane ne. Shi kuma ya faɗa musu mara lafiya ba shi da kowa a nan. Ni ban san amsar nan ta rufe wata ƙofa ba. A zatona ƙoda kamar kayan gyaran tirela ce, a je a nemo mai kyau a ɗaura, kuma wa zai nemi ta tsohuwa?

Haka muka faɗa hannun wani dillali mai gashin baki. Ya ce yana da mai bayar da ƙoda. Ya kawo mana wani ramammen mutum ya tsayar a gabanmu kamar ɗan akuya, ya karɓi warwarona na zinariya, daga ranar su duka biyun suka ɓace mana. Na yi ta bin titi ina leƙa shagunan shayi har na ga dillalin zaune yana busa hayaƙi. Ban yi sallama ba. Na ɗauki butar shayi daga kan wuta na juye masa a wuya, na bi shi da butar a ka har hannunta ya cire. Masu shan shayi suka taso mini da kujeru. Wani ya fasa mini goshi, 'yan sanda suka ja ni a ƙasa har mayafina ya tsaya a titi. Malam Goni ya yini yana roƙo kafin a sake ni. Warwaro dai ya tafi.

Da na koma ɗaki na tarar da mutumin zaune a bakin katifa, fuska kamar an hura. Ya kalli goshina. Muryarsa ta kurame ce, da ƙarfi take fita ba tare da ya sani ba.

"Yaya, ki koma gida."

Na yi kamar ban ji ba, ina neman tsumma.

"Ki koma, kin yi ƙoƙari. Ɗan mutane ya gode da rakiya."

Dukan Cadi bai shige ni kamar wannan ba. Na fita na zauna a matattakala har aka kira la'asar.

Likitar da take duba shi mace ce mai furfura, gajera, ba ta dariya. Wata rana bayan an cire shi daga inji ta kira mu ofishinta ni da Malam Goni. Ta ce kurumta da ciwon ƙoda a jikin saurayi ɗaya ba haɗuwar banza ba ce. Ta ce a tambaye ni ko na san dangin uwarsa.

Na ce na ɗan sani.

Uwarsa tana da 'yan'uwa maza?

Na ce tana da su biyu, sun rasu.

Da me?

Sai na tuna baya. Yaya Sule na gani a kwance a zauren gidanmu, ƙafafu kamar turmi, ana yi masa magana da hannu. Na ga Ɗanlami autanmu, wanda malamin allo ya yi ta zane shi a kan ba ya jin kira. Duka biyun ba su kai ga yin furfura ba. Mu a gidanmu cewa aka yi maƙiya ne, don babanmu ya yi arziki da goro. Na faɗa wa Malam Goni, ya juya mata. Ta daɗe tana kallona.

Sai ta ɗauko rariyar shayi daga kan teburinta. Ta ce ƙoda cike take da irin wannan, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Jini yana bi ta ciki, dattin ya wuce ya zama fitsari, mai amfanin ya tsaya. Ta ce saƙar rariyar nan ba a banza take ba, akwai umarnin da ɗa yake gada tun yana ciki, shi yake gaya wa jiki irin zaren da zai saƙa da shi. In umarnin ya zo da kuskure zaren sai ya yi rauni, rariya ta yi ta yagewa, jini ya bi fitsari, har ta toshe gaba ɗaya. Kuma irin zaren nan akwai shi a cikin kunne.

Ta ce a inda ta yi karatu a Turai suna kiwon ɓeraye farare a keji. Sukan taɓa wannan umarnin a jikin ɓera da gangan, 'ya'yan da aka haifa su tashi lafiya ƙalau, sannan fitsarinsu ya ɓaci, su kumbura, su mutu da ƙuruciya. In an yanka ƙodar an duba sai a ga rariyar a yage.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Malam Goni, tambaye ta, mu ne ɓerayen? Na ratso ƙasa uku don a haɗa zuriyar Alhaji Mai Goro da abin da kyanwa take ci?"

"Goggo, zauna don Allah."

"Ba zan zauna ba. Faɗa mata."

Ya faɗa mata. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ɓera bai san maƙiyi ba, bai san jifa ba, ga shi ciwon ya kashe shi, abin da take so in gane ke nan. Ta ce a cikin mutane yawanci ta wurin uwa yake bi. Mace kamar mai zani biyu ce, in ɗaya ya yage ɗayan ya rufa mata asiri, ta yi tsawon rai ba ta san tana ɗauke da shi ba. Namiji ɗaya gare shi, kuma daga uwarsa ya karɓa. Sannan ta ajiye rariyar ta ce abin takaici shi ne ba shi da ɗan'uwa na jini a nan, don ƙodar jininka ta fi zama a jiki, kuma injin nan ba zai riƙe shi har abada ba, zuciyarsa ta fara gajiya.

Na koma na zauna. Ɗakin ya yi mini ƙanƙanta. Wato duk watannin nan abin da ake nema yana ɗaure a cikin zanina.

"Malam Goni, faɗa mata ni na haife shi."

Ya saki baki. "Goggo! Duk zaman nan?"

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Ni na haifi Ibrahim, ranar Laraba, da damina, a ɗakin uwata. Faɗa mata."

Sunan ya fito mini kamar ƙaya. Ban taɓa jin sa da muryata ba sai ranar.

Aka ɗebi jinina, aka ɗebi fitsarina. Jini ya dace. Amma da muka koma ta ce ba za ta yi ba. Ta leƙa fitsarina ta madubin likita ta ga jini kaɗan wanda ido ba ya gani. Tawa rariyar ma da 'yar ɓaraka. In ta cire ɗaya, ɗayar za ta yi aikin biyu, wata rana ta gaji. Ta ce ba ta kashe uwa don ta raya ɗa.

Ina da 'yar wuƙar da nake fasa goro da ita, a lalitata take kwana. Na ciro ta. Na ɗage rigata a gaban Malam Goni, ni Dije da ko mijina bai taɓa ganin cikina da rana ba. Na ce, "Ta wurina ya shiga jikinsa, ta wurina zai fita. In ba za ta cire ba ni zan ciro in ajiye mata a tebur." Na kafa wuƙar a gefen cibiya na ja.

Jini ya wanke mini zani. Malam Goni ya yi salati ya kama hannuna, muka yi kokawa har kujera ta karye. Likitar ta zagayo ta kwaɗa mini mari, irin wanda rabona da shi tun ina budurwa. Ita ta ɗinke ni da hannunta, ba ta tausaya ba ko kaɗan, tana yi tana faɗa. Na ce Malam Goni me take cewa.

"Ta ce ke jahila ce, ƙoda ma ba a nan take ba, a baya take."

Na ce, "Ce mata ta nuna mini wurin."

Da ya faɗa mata, karo na farko na ga haƙoranta.

Ta sa aka yi ta gwada ni har ciwon ya warke. Ta tara wasu likitoci suka yi ta gardama. Daga ƙarshe ta ce tunda na wuce haihuwa, kuma ƙodojin nawa har yanzu da ƙarfinsu, za a yi. Amma ta sa Malam Goni ya maimaita mini gargaɗin har na ce na ji, ba kurma ba ce ni.

Saura mutumin. Da aka gaya masa ya ce bai yarda ba, gara ya mutu. Ya fizge allurar hannunsa jini ya yi tsartuwa har bango, ya ce a mai da shi Fataskum a binne shi kusa da ubansa. Masu jinya biyu suka kasa danne shi. Na matsa na tsaya inda zai ga bakina da kyau. Na ɗaga hannu na mare shi. Tun yana jinjiri hannuna bai taɓa fuskarsa ba, ashe da mari zai koma.

Na ce, "Ni na haife ka. Ka ga bakina? Ni. Kwanta."

Ya kwanta. Ya juya fuska bango.

Da na farfaɗo bayan aikin ji na yi kamar tirela ta bi ta kaina. Malam Goni ya leƙo yana murmushi, ya ce in ga abin da likita ta aiko a nuna mini. Wata mai jinya ce riƙe da jakar roba cike da fitsarin mutumin, fari tas kamar man gyaɗa sabon tatsa, babu kumfa. Ni da na ga zinariya, na ga shanu, ban taɓa ganin abin da ya kai jakar nan kyau ba.

Jirgin sama muka biyo a dawowa, ragowar daddawa ta biya. Kunnensa bai dawo ba, an ce ba zai dawo ba. Ya koma bakin tasha, yanzu shi yake nuna wa wasu yadda ake kwance inji, maganin da zai sha har ƙarshen ransa masu zuwa Masar suke taho masa da shi. Ƙannensa mata na tara su na faɗa musu zancen ɓeraye, na ce kowace ta sa ido a kan fitsarin 'ya'yanta maza, kada in sake jin an ce maƙiya. Ɗaya ta yi fushi ta daina zuwa gidana na ɗan lokaci. Ta huce.

Likita ta ce wata rana ƙodar da ta rage mini za ta gaji. Bana takalmina ya daina shiga. Na sa aka ƙara wa zannuwana tsawo, in na zauna sai in lulluɓe har yatsu.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni bayan masallaci. Ina kan tabarma a tsakar gida, matan maƙwabta suna nan ana tsinkar zogale. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon bakin zanina. Sai ya sa hannu ya ɗage shi kaɗan, ya ɗora babban yatsansa a ƙaurina ya danna. Da ya ɗauke, ramin ya zauna, bai ciko ba. Duk garin nan babu wanda ya fi shi sanin ma'anar ramin nan.

Muka tsaya muna kallonsa ni da shi. Ya ɗago ido yana jiran bakina.

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, mutane suna kallo."

Bai tashi ba.